Mutumin da Ke Dukan Salansa

A garejin Folorunsho mai walda, bakin hanyar Argungu a Birnin Kebbi, wani baƙon direba yana tsaye jikin tsohuwar bas ɗinsa mai warin albasa. Dogo ne, busasshe, idanunsa jawur. Ya kawo katalis, tukunyar nan da ake haɗa wa salansa don tace hayaƙi, a nannaɗe cikin zanen goyo.

Folorunsho ya yanke ruɓaɓɓen bututun salansar, zai jefar.

"Miƙo shi nan, maigida," in ji baƙon.

Ya durƙusa da guduma, ya hau duka. Tsatsa na tashi, ƙarfe na ƙara, shi kuwa yana huci ta hanci. Gudumar ta zame ta fasa masa babban yatsa. Jini na ɗiga, bai ko duba ba.

"Malam, ƙarfe ne fa," in ji Folorunsho. "Me ya yi maka?"

"Ta nan hayaƙin yab biyo," ya nuna ramin da ke ƙarƙashin kujerar baya. "Ɗiyata na kwance nan tun daga Augie. Na aza barci takai."

Folorunsho bai tambaya ko ta tashi ba. Ya liƙe ramin, ya haɗa katalis ɗin, yana bin kowace gaɓa da wuta sau biyu.

Da ya gama, baƙon ya shiga baya, ya rufe tagogin duka, ya kwanta bisa kujerar.

"Tada ta, maigida," ya ce. "In ji ko hayaƙin na shigowa har yanzu."