Buzun Inna

Inna ta rasu da damina, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ruwa ya shafe fadamar Auyo, sai da kwalekwale na ƙarasa gida daga Haɗeja, inda nake aure. Na same ta da sauran magana a baki. Ba ta yi mini zancen gona ko awaki ba. Kyanwarta ta nuna mini, wata toka-toka mai yagaggen kunne, tana kwance kan tsohon zanenta na saƙi.

"Ki riƙe mini wannan," in ji ta. "Ba ta cin na kowa."

A wajenmu ba a raba tufafin mamaci sai an wanke su. Bayan sadakar uku na tattara kayan Inna, har da zanen nan, da hannuna na zare shi daga ƙarƙashin kyanwar. Na wanke su tas da sabulun salo, aka bayar sadaka. Ni a ganina na cika ƙa'ida. Ban san ƙanshin Inna na wanke mata ba. Wuni ta yi tana zagaya ɗakin, tana shinshina inda zanen yake, tana wani kuka siriri.

Na kawo ta Haɗeja cikin kwando. Ana buɗewa ta shige ƙarƙashin rumbu. Kwana biyar ina ajiye mata bandar kifi da kindirmo a sakaina, kaji ne ke cinyewa. In na durƙusa na leƙa, idanu biyu kawai nake gani.

Surukata, wadda nake kira Gwaggo, ta gaji da kallona.

"Ke 'yar nan, duk bokon da kika yi, a bakin rumbu zai ƙare? Ɗan nawa ma ba kya lallashinsa haka."

"Gwaggo, amana ce."

"To amanar taki ta kusa zama ƙashi da fata."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Cikin rabona akwai buzun sallar Inna. Shi bai ga ruwa ba, don ba a wanke fata. Na naɗe shi na jefa adaka, saboda ba na iya kallon gurbin da goshinta ya cinye gashin. Ran nan ruwan la'asar ya jiƙa mini tabarma, dole na ɗauko shi na shimfiɗa a bakin ɗaki. Ina sallamewa na ga kyanwar a gefena, haƙarƙari duk a waje, ta cusa hanci cikin gashin buzun. Ban motsa ba. Na ci gaba da jan carbi har ƙafata ta yi sanyi. Da na miƙa hannu a hankali na ɗora ɗan kifi a bakin buzun, ta dube ni, ta dube shi, ta ci.

Daga ranar, kowace la'asar nan muke haɗuwa. Na koyi kada in kira ta, kada in riga ta taɓawa. Kafin a yanke shinkafa ta fara goga kai a gwiwata. Da ruwa ya janye, masunta suka shiga tafkuna, har ta yi ƙiba.

Wata rana da rani na fito daga madafa na tarar da ita tana barci kan zanena da na bari a gado, ga buzun a shimfiɗe ba ta ko kula shi ba. Na ɗauki buzun na kai hancina. Hayaƙin murhuna na ji, da turarena. Na juya shi ta ko'ina, babu Inna.

Gwaggo ta same ni zaune a ƙasa, buzu a ƙirji.

"Ikon Allah! Ga ta nan ta zama taki, kuma kukan na mene ne?"

Na ce hayaƙi ne. Ta dubi buzun, ta dube ni, ta zauna kusa da ni.