An Yi, Na Yi

A shekarun da kuɗin mai suka fara zuba, gwamnati ta ɗauke mu aikin malaman gona, ni da wani ɗan Ƙetare da muka gama makaranta tare. Aka ba kowa babur da gonar gwaji, shi a gefen Ƙanƙara, ni a Sheme.

A makaranta an koya mana cewa a rahoton kimiyya ba a cewa "na shuka", sai "an shuka". Wannan doka ta yi mini daidai, don a gidanmu ma ko rijiya ka haƙa kai kaɗai, in an tambaya sai ka ce an haƙa.

Damina biyu ina durƙushe cikin masara, kafin na gane cewa in aka tona rami aka binne takin zamani, maimakon a watsa, ruwa ba ya kwashe shi. Na nuna wa abokin nawa, ya gwada sau ɗaya tak. Ni na rubuta "an lura", shi ya rubuta "na lura".

Shekarar nan aka ce mutum ɗaya za a tura ƙaro karatu Zariya. Babban jami'inmu ya kira mu, ya ɗaga takardata.

"Wannan 'an' ɗin, wane ne?"

"An dai yi, ranka ya daɗe," na ce, kaina a ƙasa.

"To shi wannan ya ce shi ya yi. Kai mi ka ce?"

Na kasa. Bakina ya ƙi furta kalma mai harafi biyu.

Abokin nawa ya tafi Zariya, ni aka tura ni Damari. Ba zan ɓoye ba, na yi hassada. Ran da ya dawo da farar Fijo, sai na bi ta bayan kasuwa don kada mu gaisa. Ko gilashin da ya fara sawa haushi yake ba ni, mutumin da ke hango fara daga nesa.

Shi aka naɗa shugabanmu. Rahoton farko da na kai masa, na cika shi da "na auna", "na gano". Ya karanta, ya zaro jan biro, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sokewa.

"Haba Malam," ya ce, a hankali, kamar mai tausayina. "Ai a kimiyya ba a cewa 'na'."