Zane Bakwai a Cikin Bango

Aikin farko yau: naɗe tabarmin zaman makoki, a mayar wa maƙwabta.

Kawu, ranar Talata, sha biyu ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka a shagonka na ɗinkin littattafai, allura tana hannunka. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Kai ka koya mini komawa ga mawaƙa. Littattafan mutum uku ne a kantar bayan kujerarka: mai dogayen baitocin wa'azi, tsohuwar da ke yi wa gonarta waƙa, da mai zambon nan da ke ba ka dariya har tabarau ya zame. In aiki ya gundure ka sai ka ce, "Bari in gaida mutanena." Duk lokacin da ka karance ɗayansu, sai ka ja zane guda da fensir a cikin bangonsa.

Shekara huɗu da suka wuce na kawo maka littafin waƙoƙina. Ka karɓa, ba ka taɓa cewa komai ba. Na ɗauka ba su yi ba ne, kunya ta hana ka faɗa. Tun ranar ban ƙara rubuta baiti ba.

Ɗazu Inna, matarka, ta miƙo mini kwali. "Ungo, ɗan nan. Ya ce mutanensa huɗu naka ne."

Na ce, "Ai uku ne, Inna."

"To, yau ni zan koya maka ƙirga?"

Huɗu ne, Kawu! Na huɗun nawa ne! Ka ɗinke shi da shuɗin bango, a ciki zane bakwai. Sau uku na ƙirga. Har na ce ko bakin fensir kake gwadawa, sai na duba ƙarshe: bayan waƙar da na bari ba kammala, ka ɗinka fararen takardu ashirin.

Kafin la'asar na cika ɗaya. Mai yiwuwa ba ta yi kyau ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Gobe:
– tabarma biyu da suka rage
– kai wa Inna makullin shago
– sayen fensir
– saura takarda sha tara