Shekarar da Na Kira Gidaje

Da gangan Malam ya bar takardar nan a aljihun rigar da ya ba ni wanki, ko kuwa mantuwa ce irin ta marar lafiya? Damina uku ke nan da rasuwarsa, ina ta juya wannan tambaya, ban samu amsa ba. Wani lokaci ina cikin kuka sai in tuna da ita, dariya ta ƙwace mini. 'Yata da ke rubuta mini wannan ta ce in bar share hawaye in yi magana, to bari in yi.

Malam mijina ne, shekara arba'in da ɗoriya muna tare. Shi ne mai bisharar 'yar majami'armu, a wani ƙauye tsakanin Gafasa da Toranke. Ba mu da yawa, gida ashirin da 'yan kai, kewaye da maƙwabta Musulmi da muke gayyar noma tare, mu kai musu abincin Kirsimeti, su aiko mana da naman Sallah. Ni ban yi karatu ba, amma ni ce ungozomar ƙauyen, don haka babu gidan da ban san ƙuryar ɗakinsa ba.

Wata Lahadi ana tsakiyar sujada, mutum biyu suka sauka daga kan babur. Ɗaya tela ne, dogo, shiru-shiru. Ɗayan kuwa mai sayar da tuwo ne a tashar Gaya, ɗan daudu, ga lalle a hannunsa, ga tafiyarsa da ba ya ɓoyewa. Daga baya na ji cewa ɗan gidan Kirista ne, amma majami'u uku sun nuna masa ƙofa. A wurinmu maza na zama a dama, mata a hagu. Tela ya shige cikin maza. Mai tuwo ya tsaya a bakin ƙofa yana duban nan, yana duban can.

Malam ya dakatar da wa'azi ya ce, "Bawan Allah, shigo mana, rana na dukanka."

"Baba, a ina zan zauna?"

"Inda za ka fi jin Maganar Allah."

Sai ya taho ya zauna kusa da ni. Ba zan yi ƙarya ba, janye bakin zanena na yi. Da muka koma gida na tare Malam.

"Malam, ka san ko wane ne ka zaunar mini a gefe?"

"Na sani. Ke kin san wanda ya halicce shi?"

"Allah mana."

"To, ba ni ruwa in sha."

Haka Malam yake. Kullum yana cewa bai buɗe ƙofa don mutum ya shigo ya zama wani ba, ya shigo yadda Ubangiji ya san shi. Mun san ƙasar da muke ciki, da dokarta da bakin mutanenta, saboda haka abin da ke cikin majami'a a ciki yake tsayawa.

Ba a yi wata uku ba mai tuwo ya zama namu a zumuntar mata. Shi ke buga mana tulu idan muna waƙa, kuma tun da ya karɓi kiɗan muka daina gudu muna barin juna a baya. Ranar girkin taro kuwa babu mai hutawa da bakinsa. Zai leƙa tukunyata ya riƙe haɓa.

"Mama, wannan miya ce ko ruwan wanke kwano? Baba na da haƙuri, wallahi!"

"Ja can, marar kunya! Kafin a haife ka nake kaɗa miya."

"Ai shi ya sa ta gaji, Mama."

Matsalar ta taso ne daga godiyar kaka. Al'adarmu ce duk shekara, in an gama girbi, a kira gidaje ɗaya bayan ɗaya. Duk gidan da aka kira, sai su taso daga bakin ƙofa da rawa, mai gida a gaba da damin gero ko na dawa, iyali a baya da gyaɗa da kaji, har gaban bagade. In gidaje sun ƙare sai a ce, "Saura!" Gwauraye da baƙi su fito a dunƙule. Shekara shida tela da mai tuwo suna fitowa cikin saura, wannan a can, wannan a nan, kamar ba su san juna ba.

Wata rana muna tsince wake, ni da mai tuwo, sai ya ajiye wasan da ya saba, ya dube ni.

"Mama, shekara goma sha tara ni da tela muna ci a kwano ɗaya. Da na kwanta ciwo shi ya yi ta ɗaga ni yana kwantarwa. Amma ranar godiya mu ne saura."

Na gaya wa Malam. Ya kai maganar gaban dattawa. Magatakardan ikilisiya, dattijon da ke rubuta sunayen gidaje, ya ce sam. Su zauna inda suke so, su ci jibin Ubangiji, ya yarda, amma gida gida ne. Malam ba ya yin abu da ƙarfi. Kaka biyu yana lallashi, kaka biyu ana ce masa a bari sai baɗi. Mai tuwo kuwa ya fara tsallake Lahadi, tulu na zaune babu mai bugawa. Na san in aka sake ce musu saura, mun rasa su.

A shekara ta uku Malam ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Ranar Juma'a magatakarda ya kawo masa takardar gidaje ya duba, kamar yadda aka saba. Ranar Asabar Malam ya miƙo mini farar rigarsa ya ce in wanke, ita zai sa gobe. Na jiƙa, na cuɗa, na shanya. Da safiyar Lahadi aka ɗauko shi a kujera har gaban bagade. Magatakarda ya miƙa hannu a ba shi takarda. Malam ya laluba aljihu, ya fito da takardar, wanki ya mai da ita wani ɗan curi kamar ƙullun fura.

Majami'a ta ɗauki dariya. Magatakarda ya ce zai kira da ka. Ya kira gida huɗu ya tsallake na yayansa, matar yayan ta yi masa ca daga cikin mata. Malam ya ɗaga hannu, da 'yar muryar da ta rage masa ya ce, "Wadda ta ɓata, ita za ta gyara. Uwargida, taso. Wa ya fi ki sanin gidajen nan?"

Ban taɓa tsayawa a gaban jama'a ba sai in ana waƙa. Malam bai ce mini komai a kan mutanen nan biyu ba, ko ƙyafta ido bai yi mini ba. Na fara daga gabas kamar ina zagayen masu jego, gida bayan gida. Ana kiɗa, ana rawa, dammuna na taruwa. Ina kira ina hango su a bakin ƙofa, sun tsaya nesa da juna suna jiran a ce saura. Da na gama da gidan ƙarshe na yamma, sai na sake duban bakin ƙofa. Na ce, "Gidan tela da mai tuwo."

Kiɗa ya tsaya. Su ma ba su motsa ba. Sai wata tsohuwa, shugabar zumuntarmu, wadda ta fi kowa ƙin mai tuwo a farkon zuwansa, ta jawo tulun nan ta hau bugawa, kiɗan da ko akuya ba za ta yi wa rawa ba.

"Kai, fito mana! Ko sai na karye a hannu?"

Mai tuwo ya ɗora tiren shinkafa a ka, ya taho yana juyi, hawaye na zuba, yana ce wa tsohuwar, "Iya, kin kashe kiɗan!" Tela na gaba da kaza a hannu, kunya ta rufe shi, har kazar ta kufce ta bi ƙarƙashin bencin maza. Dattawa uku suka duƙa suna kamun kaza. Mata suka rangaɗa guɗa. Na waiga na ga Malam yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Ba kowa ya yi murna ba. Gida biyu suka tashi suka fita, har yau ba su dawo ba, kuma ɗayansu duk 'ya'yansu a hannuna aka haife su. Wannan yana yi mini ciwo. Magatakarda bai fita ba. Ya ɗaure fuska har aka tashi, ya ce mini, "Matar Malam, kin yi abin da ba a sa ki ba." Amma da aka zo cin abinci na gan shi ya miƙa wa mai tuwo kwano karo na biyu. Yanzu, kafin a turo mana wani mai bishara, ni da shi muke riƙe da ikilisiyar. Shi ke karatu, ni ke kira, kuma bai fasa ɗaure fuskar ba.

Malam ya ƙara kwana goma sha ɗaya. Tela ne ya yi ta juya shi a shimfiɗa, don ni ba na iyawa, mai tuwo kuma yana aiko da kunun da ya ce nawa ba ya kai shi. Ranar ƙarshe da hantsi ina zaune a gefensa ina yi masa fifita. Na tambaye shi zancen takardar. Ya yi murmushi kawai, ya lumshe ido. Na zaci barci ya ɗauke shi, sai ya laluba ya kama yatsuna.

"Uwargida, baɗi ki ɗaga murya. Na baya ba su ji ki ba."