Jan Takalmina a Ƙofar Coci

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, farkon shekarun tamanin, babu abin da nake tsoro kamar labarina ya riga ni isa Birchi. Mahaifina na'ibin liman ne a can. Ba ya faɗa, sai dai ya yi maka shiru na wata guda, ni kuwa na gwammace bulala da wannan shirun.

Abokin aikina, malamin lissafi, Kirista ne daga kudancin Zariya. Kwano ɗaya muke ci, shi ke riƙe mini aji ran Juma'a in tafi masallaci. Matarsa ta sha wuyar haihuwa har an fid da rai, sai Allah ya tashi kafaɗarta. Ya ce ran Lahadi za su yi godiya a cocinsu, yana so in zo. Na ce in sha Allahu, irin wadda ake faɗa don a rabu lafiya. Bawan Allah ya ɗauke ta da gaske, ya yi ta tuna mini har Asabar.

Na tsara tafiyar da wayo, a ganina. Na bari sai da aka fara, na bi ta lungu don kada idon sani ya gan ni. Amma da yake ni ɗan gayu ne, sai na sa jan takalmina sau-ciki da aka ɗinka mini a Katsina, wanda babu gidan da ban taka da shi ba a Birchi ran Sallah, don dai a gani.

Cocin ginin ƙasa ne da rufin kwano, ƙofarsa na kallon hanyar Kurfi, wadda ke bi ta Birchi. Ina isa na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi a ɗakin ibada: na tuɓe takalmi na jera a bakin ƙofa, na gyara zaman hulata na shiga. Na lura babu takalmin kowa a wurin, sai na ce wataƙila suna da ma'ajiya.

Ni da na zaci zan tarar da shiru, sai na tarar da samari da gita da ganguna, an haɗa lasifika da batirin mota, mata na buga tulu suna rausaya. Da Hausa ake waƙar, har na tsinci ƙafata tana bin kiɗan, na tsawata mata. Na lallaɓa bencin ƙarshe na ɓuya bayan wata mata mai ƙaton ɗauri. Ban gama zama ba wani dattijo ya sunkuyo.

"Malam, hular," in ji shi a hankali.

Na cire. Na duba ƙasa, kowa da takalminsa. Ashe su kai suke buɗewa su rufe ƙafa. Na zauna ba hula ba takalmi, kamar wanda aka kama a gonar mutane.

Can sai fasto ya ce duk wanda yau ne zuwansa na farko ya miƙe. Na ƙara nutsewa bayan ɗaurin nan, amma abokina ya juyo daga gaba yana nuna ni, baki har kunne. Na miƙe. Aka sanar a lasifika cewa ga malami ɗan Birchi, aka yi mini waƙar maraba, aka yi layi ana ba ni hannu. Duk lungun da na bi ya tashi a banza. Amma da matarsa ta fito da jaririn, a rame, tana godiya tana hawaye, na manta da kaina. Amin ɗin da na ce har zuciyata ce.

Aka tashi, na fito, babu takalmi. Coci ta ruɗe. Dattijon nan ya bi mutane yana duba ƙafafunsu, fasto ya tuɓe silifansa ya ba ni, abokina ya kasa haɗa ido da ni. Na ce ba komai, da muryar wanda ke nufin akwai komai.

Da Asabar ta zagayo na hau keke zuwa Birchi. Ina shiga zaure na ga jan takalmina a gefen buzun Baba, an goge shi tas. Baffana, ƙanen Baba, yana zaune yana jira a yaba masa.

"Ga kayanka!" in ji Baffa. "Na taho kan keke ran Lahadi, ina dubawa sai ga shi bakin ƙohwar cocin. Na ce wanga takalmi ko cikin duhu na san shi. Ɓarawon ya aje ya shiga yi ma Allah godiya, ni ko na ɗauke abinmu na yi gaba."

Ko a mafarki bai kawo cewa ni ne a ciki ba. Baba ya ɗago ya dube ni.

"Yaushe aka ɗauke maka shi?"

Ga gaskiya a bakina, kalma uku ta isa. Na dubi buzun nan, na tuna shirun wata guda.

"Kwana biyu ke nan, Baba," na ce.

"To, a riƙa kula da wa ake zama," in ji shi, ya koma kan tasbaharsa.

Takalmin bai sake taka Dutsin-Ma ba, don kada abokina ya gani. A Birchi kuwa Baffa ya yi ta ba da labarin har ya tsufa, kullum ɓarawon na ƙara ƙiba. Ban taɓa gyara masa ba, kuma har yau ina jin kunyar haka.

Bayan shekara biyu aka yi wa abokina canjin wurin aiki. Na raka su tasha, na ɗora musu kaya, na ɗauki yaron da ya fara tafiya. Mota na shirin tashi ya riƙe hannuna, ya rage murya.

"Malam, maganar takalmin nan tana damuna har yau. Ka zo mana da mutunci, muka kunyata ka. Ka yafe mana."

Na ce masa na yafe.