Ɗaki na Biyu a Kwamfutar Kawu Sani

Wata ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, a damanar shekarar da na cika sha uku, Kawu Sani ya sauko daga motar Sakkwato rungume da kwali. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ma'aikacin ofis a birni. Cikin kwalin akwai tsohuwar kwamfuta da aka daina aiki da ita. Da ya kunna ta a zauren gidansa na nan garinmu babu hoto babu launi, sai baƙar fuska da fararen haruffa. Yara muka cika ƙofa. Ƙanwata Hadiza, 'yar aji uku, ta fara karanta haruffan da ƙarfi. Ni da na girme ta nesa ba kusa ba, na koma bayan ƙyaure don kada a ce in karanta.

Ban taɓa shiga ajin boko ba. Ni ne babba a gidanmu, nawa shi ne yankan ciyawar tumaki, ɗebo ruwa a jaki da korar tsuntsaye a gonar gero. Idan muna langa a dandali babu mai ka da ni, amma da an kawo takarda sai jikina ya mutu. Kawu ya lura. Ya ce in riƙa zuwa bayan la'asar ina danna haruffa, na ce ba zan iya ba, zauren ba ya rabuwa da mutane, za su gani.

Sai ya ce kwamfutar nan tana da ɗakuna, mutum na iya barin aikinsa a fuska ɗaya ya koma wata, sai dai ƙofar a rufe take. Ya danna maɓallan da suka kamata, ko gezau. Ya wuni da wani littafi mai kauri yana gumi, har ya gano layin da aka rubuta cewa fuska ta biyu a kashe take. Ya mayar da ita a kunne, ya kashe kwamfutar ya sake tayar da ita. Da ya haɗa Ctrl da Alt da F2, sai ga sabuwar fuska wayam. Tun da ba na iya karanta maɓallan, ya ɗiga musu jan fenti, F1 kuma, mai mayar da mutum fuskar farko, ya sa masa shuɗi. "Wanga ɗaki naka ne," in ji shi. "In ka ji tafiya, haɗa jajaye biyu na ƙasa da shuɗi. Rubutunka na nan yana jiranka."

Haka na yi ta koyo a ɓoye har aka yi girbi. Da na ji takalmi, yatsuna uku sun sauka, fuskar Kawu ta dawo. Wata rana na haɗa sunan mahaifina, harafi bayan harafi, ina kallonsa ina murmushi, sai ga sallamarsa a ƙofa. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya danna. Baba ya dubi fuskar, bai ga komai nawa ba. "Mi kaka yi nan?" Na sunkuyar da kai na ce ba komi. Kunya ta hana ni nuna masa cewa ƙato kamata sai yanzu yake koyon abin da Hadiza ta wuce. Ya ce tun da zaman banza nake yi, in shirya in bi baffana Kalmalo noman albasa. Kafin in dawo an mayar da Kawu wani gari, kwamfutar ta bi shi.

Yanzu da furfura a gemuna nake zuwa ajin yaƙi da jahilci. Allo ɗaya ne a bango, kowa na ganin kuskuren kowa, mu yi dariya mu goge. Ranar da malama ta ce kowa ya rubuta sunan mahaifinsa, na rubuta da manyan haruffa, na daɗe tsaye ban goge ba. Baba ya rasu bai taɓa gani ba. Da ma ranar can a zauren Kawu na bar hannuna a kan cinyata.