Asfirin ɗin Baba

Ni na koya wa Baba shan asfirin da hannuna, don haka duk wahalar da na sha daga baya wajen raba shi da shi ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon aikin lafiya ba, aka tura ni ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ɗaki biyu da baranda a bayan firamare. A makaranta an koya mana cewa dattijo, musamman mai hawan jini, yana da kyau ya riƙa shan ƙaramin asfirin guda ɗaya kullum, don ya tsinka jini ya kare shi daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da na fara aunawa a gida shi ne Baba, na kuwa tarar jininsa ya hau. Na kai shi wurin likita aka ɗora shi kan maganin hawan jini, ni kuma na ƙara masa da asfirin.

Baba manomi ne, da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani kuma ya koma madatsar ruwan Watari noman albasa. A rayuwarsa bai saba da ƙwaya ba, in jikinsa ya yi nauyi sai a jiƙa masa sassaƙe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, in kuma zai zolaye ni ya ce Likita. Damina guda na yi ina fama da shi. In na ba shi ƙwayar ya ce zai sha in ya karya, in na dawo in same ta a gefen tabarma kaji na tsattsaga ta.

Ba maganata ce ta sa ya fara sha ba. Wansa ne, Baffa, ya faɗi a gona wata ranar girbi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga babban asibiti, cikin magungunan da aka haɗo shi da su har da irin wannan ƙaramin asfirin. Baba ya ɗauki katin ya juya shi gaba da baya, ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa ya haɗa su ya ga iri ɗaya ne. Tun daga ranar bai ƙara tsallake rana ba.

Da ya tsaya a kan kansa da sauƙi. Sai ya mayar da abin wa'azi. Dattawan unguwarmu suna da majalisa a gindin darbejiyar ƙofar masallaci bayan la'asar, can ya kai labari. A aljihunsa kati ɗaya na asfirin yake zama tare da goro, baƙo ya zo a ɓalla masa goro a ɓalla masa ƙwaya. Yana ce mata maganin 'yata. Kafin shekara ta zagayo kusan duk mai furfura a majalisar nan yana sha, har mai kemis ɗin bakin titi ya fara saro shi da yawa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. In na wuce ta gefensu na durƙusa na gaishe su, sai su amsa da sannu Likita, ni kuma in ƙarasa gida ina jin na yi wa ƙauyenmu wani abu.

Shekaru suka wuce. Na yi aure na koma unguwar Bacirawa a gefen birni, amma aikina yana nan a asibitin ƙauye, kullum a-daidaita-sahu ce ke kai ni ta dawo da ni. Sai aka kira mu bita ta kwana biyu a cikin gari. A rana ta biyu wata likita mai duba iyali, siririya mai magana a hankali, ta tashi ta yi mana bayanin abubuwan da suka canza a aikinmu. Cikinsu ta kawo asfirin. Ta ce an yi manyan bincike a kan tsofaffi masu lafiya, waɗanda ba su taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, aka ga kariyar da asfirin na kullum yake ba su kaɗan ce, haɗarin zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwa kuma ya ƙaru. Don haka yanzu ba a ɗora irin waɗannan a kansa haka kawai. Wanda kuwa ciwon ya riga ya taɓa shi, likita ya rubuta masa, shi zai ci gaba da sha, kada ya kuskura ya daina.

Mutane na rubutu, ni kuwa fuskokin dattawan gindin darbejiya nake gani ɗaya bayan ɗaya. Da aka tashi na tare ta a bakin ƙofa na gaya mata abin da na aikata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce a lokacin abin da aka sani ke nan, yanzu kuma an ƙara sani, in koma in yi wa kowannensu bayani shi kaɗai, a hankali. Na ce to. A zuciyata na ce ba ta san Baba ba.

Washegari na tashi aiki na wuce gida. Na same shi a zaure yana ɓare gyaɗa, Inna, mahaifiyata, tana daga ciki tana jin mu. Na gaishe shi, na zauna na ɗauki gyaɗa ina taya shi, sannan na shigo da maganar a hankali kamar yadda aka ce. Ya bar ni na kai aya bai ɗago kai ba.

"Uwata, da can wa ya ce a sha?"

Na ce masu bincike ne.

"Yanzu kuma wa ya ce a bari?"

Na ce su ne dai.

"To su je su daidaita a tsakaninsu. In sun gama ki zo ki gaya mini."

Na yi ta bayani har bakina ya bushe. Na kawo masa misalin wakensa, da ya canza iri lokacin da malaman gona suka kawo mai saurin nuna, na ce ai bai ce tsohon irin ƙarya ba ne, an dai samu wanda ya fi. Ya ce wake da idonsa ya gan shi a buhu, wannan kuwa me zai gani? Shekara da shekaru yana sha, ga shi nan daram yana huɗa da kansa, wansa da bai sha ba ga shi can da sanda. Ya ƙara da lissafo mini mutum biyu da suka rasu bara, ya ce duk ba 'yan asfirin ba ne. Ɗaya daga cikinsu mota ce ta buge shi a hanyar kasuwa. Da na faɗi haka sai ya ce ai shi ma dai bai sha ba. Na ji Inna tana dariya a tsakar gida. Na zubar da ɓawon gyaɗar hannuna na tashi, ko ruwa ban sha ba.

Na yi niyyar bin sauran dattawan gida-gida, amma Baba ya riga ni. Ranar da yamma ya kai wa majalisa labarin a taƙaice, cewa Likita ta je birni ta dawo ta ce asfirin yana fasa ciki, a daina. Aka yi dariya, aka ce yaran yanzu ke nan, kowa ya ci gaba da shan abinsa. Mutum ɗaya ne kawai a cikinsu ya ɗauki maganar da gaske, shi ne Baffa, mutum ɗaya tilo da bai kamata ya daina ba.

Sai bayan sati biyu na sani. Matarsa ta zo asibiti neman maganin ciwon gwiwa, tana gyara mayafi za ta tafi take gaya mini, cikin neman yabo, cewa sun bi maganata, ta kwashe ƙwayoyin nan ta zuba a masai. Na bar abokiyar aikina da layin awon ciki, na bi ta hanyar cikin gonaki da farin takalmin aikina, dawa ta fi ni tsawo, ina tafe ina magana ni kaɗai.

Baffa yana kishingiɗe a inuwar rumbu. Tun ciwon nan harshensa ya yi nauyi, amma hankalinsa ras yake. Na durƙusa na ce masa shi ba ya cikin waɗanda aka ce su bari, shi dole ne ya sha. Ya kalle ni ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya:

"Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ƙwaya ɗaya. Ni magani, shi dafi?"

Na ce ba dafi ba ne, Baffa. Na ce shi jininsa ya taɓa daskarewa ya toshe hanya, haɗarin ya sake toshewa ya fi haɗarin zubar jini, ƙaninsa kuwa bai taɓa ba. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce ba zai sha ba sai likitan da ya rubuta masa ya faɗa masa da bakinsa. Haka na ɗauki hutun rana guda na samo a-daidaita-sahu, muka cicciɓe shi muka bi hanyar nan da ruwa ya zaizaye. Muka yi zaman layi daga hantsi har azahar. Da muka shiga, likitan da muka samu ba ma shi ne na da ba, wani matashi ne da na girme shi. Ya duba kati ya maimaita abin da na faɗa a gindin rumbu, kusan kalma da kalma, cikin minti biyu. Baffa ya gyaɗa kai ya ce yauwa, yanzu ya ji bayani. Muka sake cicciɓarsa muka kamo hanyar gida.

Baba kuwa ya koma sha a ɓoye. In na tambaye shi ya ce ya rage. Inna ce take tsegunta mini inda yake ajiyewa, yau a naɗin hula, gobe a saman katangar zaure. Na je wurin mai kemis na roƙe shi ya daina ba dattawan nan, ya ce in bai ba su ba masu tallar magani a faranti ranar kasuwa za su ba su, gara nasa da bai sha rana ba. Sauran dattawan na bi su ɗaya-ɗaya. Kowanne ya karɓe ni hannu biyu, ya sa a kawo mini fura, ya sa mini albarka, ya ce zai duba abin da Alhaji ya yi, wato Baba.

Haka aka tafi har kaka. Kowace shekara in an gama shigar da amfanin gona Baba yakan kira wanzaminsa ya yi masa ƙaho a baya, wai a cire gajiyar damina. Wannan ma na yi magana a kansa har na gaji na bari. Wata ranar Laraba da hantsi Inna ta kira ni a waya ta ce in zo, jini ya ƙi tsayawa. Na kwashi auduga da bandeji na fita da sauri. Na tarar da Baba zaune a kan turmi ba riga, 'yar tsagar nan da aka saba ta bushe nan take tana ta tsattsafo da jini, tsumma na biyu ya jiƙe. Ba wani jini mai yawa ba ne, amma ya ƙi ɗaukewa. Na wanke hannu na danne wurin na daɗe, a hankali ya tsaya.

Wanzamin tsoho ne, tun ina ƙarama shi yake yi wa Baba aski. Yana tsugune yana goge ƙahonninsa, ba tare da kowa ya tambaye shi ba ya ce ya daɗe yana lura, dattawan unguwar nan jininsu ba kamar da ba, ko aski ya yi musu aska ta ɗan taɓa fata sai ya yi ta gogewa.

"Alhaji, jininku ya zama ruwa. Akwai abin da kuke sha ne?"

Baba ya ƙi kallona. Ni kuwa na ci gaba da naɗa bandeji ina jin kamar in yi ihu.

Washegari Baba ya ba Inna sauran katin ya ce ta kai wa wansa. Bayan la'asar ya sanar da majalisa cewa wanzami ya gano asfirin yana mayar da jini ruwa, mutum ne da ya shekara da shekaru yana ganin jinin mutane, ya san abin da yake faɗa. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba. Cikin sati guda yawancinsu suka daina.

Na ɗauka na huta, ashe da sauran aiki. Tunda an gano ƙwaya ɗaya da laifi, sai wasu suka ga ai sauran ma ba su da tabbas, mutum uku suka ajiye maganin hawan jininsu gaba ɗaya. Baba ma ya fara tambayata ko nasa ba ya ƙona hanta. Dole na roƙi liman ya ara mini benci a ƙofar masallaci, duk ranar Juma'a da safe in zauna da na'urar awo, in auna kowa in nuna masa lambarsa da idonsa, in sake bayani daga farko. Har yanzu ina yi. Akwai dattawa biyu da na san ba su daina asfirin ba, sun dai daina sha a gabana.

Kwanakin baya ina tsakiyar rigakafin jarirai, baranda cike da mata, sai ga Baba ya shigo asibiti da kansa, abin da bai taɓa yi ba sai an ja shi. Yana riƙe da hannun wanzamin, wai kwana biyu tsohon yana jin jiri in ya sunkuya. Ya ratsa layin matan nan ya zaunar da shi a kan kujerata, ya ce in auna shi da kyau in ba shi magani mai kyau, don irinsu da suka san jini ba su da yawa a garin. Na miƙa wa wata mata jaririnta, na ɗauko na'urar, na ce wa tsohon ya naɗe hannun rigarsa.